Gwiwar Tsanko da Gwiwar Rusi

Bai Tsanko, wato dattijo Tsanko a yarenmu, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tashar duba yanayi da ke saman garinmu, Smolyan, yana soka sanda cikin dusar ƙanƙara, yana aika wa manya a Sofiya, babban birnin ƙasa, abin da ya gani. Da ya yi ritaya aka karɓe sandar, amma ba a karɓe bakin ba. Gajere ne ƙwarai, kuma ko gaishe shi ka yi sai ya gaya maka inda iska ta dosa.

Wani hunturu rediyo ta ce guguwa na tahowa daga teku ta wajen Girka. Tsanko ya faɗo shagon kofi yana haki.

"Jama'a, a tanadi burodi da itace! Jibi ƙanƙara har gwiwa!"

Maƙwabcinsa Rusi, tsohon direban bas, dogo kamar falwaya, ya tuntsire da dariya.

"Kai tsoho, bara ma haka ka ce, muka ƙare da ruwan sama da busasshen burodi. Ba za ta kai gwiwa ba."

Suka yi yarjejeniya: wanda aka kayar zai riƙa share ƙofar gidan ɗan'uwansa har bazara.

Guguwa ta zo, ta kwana tana zuba. Da gari ya waye duk unguwa ta leƙo. Tsanko ya taka waje, ya nutse har ƙasan cinya.

"Ga ta nan! Rusi, ɗauko shebur!"

Rusi ya fito a hankali, ya tsaya kusa da shi. Ƙanƙarar ba ta wuce ƙaurinsa ba.

"Ina gwiwar? Ni dai tawa a bushe take."

"Gwiwata nake nufi!"

"Ka faɗa? Wa zai auna yanayin gari da ƙafarka?"

Gardama ta ƙi ƙarewa, sai aka kira Velika, matar Tsanko. Ta fito da garin yin banitsa, wainarmu mai cuku, a hannu, ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Ku duka kun ci, ku duka kun faɗi. Kai ka share tasa, shi ya share tamu. In kun gama, hanyar akurkin kajina na jira."

Haka suka yi hunturun nan, kowa a ƙofar ɗan'uwansa, suna tsiya, suna dakatawa su kurɓi barasar da muke kira rakiya. Gadon bayan Rusi ya ƙage sau biyu, Tsanko ne ya shafa masa magani.

Har yau Bai Tsanko na hasashe a shagon kofi, sai dai kafin ya rufe baki wani zai ɗaga murya: "Ta wa?"