Inna Ruka da Ɗigon Mai a Bayan Kunne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, shida ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyarmu Inna Ruka a gidanta da ke Kontagora, bayan gajeriyar jinya.

Inna, jarirai nawa ne a unguwarmu suka girma da ƙamshin manki? Daga Bobi ake kawo miki man shanu, ki wanke shi tas, ki narka, ki tace da farin ƙyalle, ki haɗa da man kaɗanya. Har yau in na ji ƙamshin nan sai in tuno ki bisa 'yar kujerarki, mu masu jego mun kewaye ki, kina yi mana tsiya wai ko goyo ba mu iya ba.

Dokarki ɗaya ce: a ɗiga wa jariri kaɗan a bayan kunne, a jira kwana guda. Kikan ce, "Ba kowace fata ke shiri da nono ba." Mu kuwa mu yi dariya, wai tsufa ne.

Shekara tara ke nan, ranar da zan fita yawon arba'in da ɗana Jinaidu, kika ba ni kwalba, kika maimaita dokar. Ni kuwa so nake dangi su gan shi yana sheƙi, sai na mulke shi daga kai har ƙafa. Kafin azahar jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, idanu sun kumbura. Ke kika sungume shi, ko takalmi babu, sai asibiti. Likita ya ce jikinsa ba ya karɓar duk abin da aka yi da nonon saniya.

Nan take unguwa ta ɗauka: man Inna Ruka ya kusa kashe yaro. Mata suka ɗauke miki ƙafa kusan shekara guda. Kin san gaskiya, amma ba ki taɓa furtawa ba. Sai ma kika ware sabuwar tukunya da sabon ludayi, kina dafa wa Jinaidu man kaɗanya zalla. Ni kuma tsoron surukata ya rufe mini baki. Kullum sai in ce gobe zan faɗa.

Kaico! To yau jama'a ku ji: man Inna ba shi da laifi. Ni ce ban jira ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ɗayyabu da Na'inna, Allah Ya ba ku haƙurin rashin uwa. Ita na makara ban roƙe ta ba. Ku nake roƙo, ku yafe mini.

Ummukulthum Kamaluddeen, Kontagora