Saje Garba da jirgin da aka hana mu hawa

Shekara biyar ke nan da Saje Garba ya faɗa Bahar Maliya, hannunsa na dama a ɗaure a bayansa. Babu wanda ya tilasta masa, shi ya sa aka ɗaure. Ina tsaye a bakin ruwa a garin Yanbu na Saudiyya aka fito da shi. Washegari muka kawo shi Madina, aka sallace shi, aka binne shi a Baƙi'a.

Ni sunana Isa, Kofur ake ce mini. Tare muka yi soja da Garba. A daji nakiya ta cire mini hannun dama daga kafaɗa, shi ya saɓo ni har inda mota take. Ya fita daga soja da jikinsa cikakke, kuma wannan ya tsaya masa a rai har ya mutu. Mutumin Yawuri ne, ɗan masassaƙan jirgi. Kafin ya riƙe bindiga gizago ya riƙe.

Bayan mun bar aiki ya bi mu gida gida. Ya ga wasu suna bara a tasha da tsohuwar hular soja, wasu sun kulle kansu a ɗaki sai shaye-shaye. Ya ce abin da ke kashe mu ba yunwa kaɗai ba ce, zaman da babu mai ce maka zo ka riƙe nan ne. A wayar wani ya ga tseren jiragen teku, irin waɗanda ba su da inji, iska ce ke tura ƙaton ƙyallensu, su yi kwanaki ba su ga ƙasa ba. Ya ce zai ƙera irinsa, kuma mu za mu tuƙa shi, mu masu dungu da guragu. Na ce masa ya je asibiti a duba kansa.

Ya sayar da gonarsa ya bar ƙasa. Alhaji Usman, Bahaushen da aka haifa a nan Madina, kakansa ya zo hajji a ƙafa bai koma ba, shi ke da wurin gyaran jiragen masunta a Yanbu. Ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wajen hukuma, ya ba shi rumfa. Wasu manya daga gida suka kafa kwamiti, suka ɗauki nauyin katako da ƙarafa da faiba, wato robar da ake lulluɓe jikin jirgi da ita, suka ce sun yi ne domin tsofaffin sojoji. Ni kuma Alhaji ya samo mini gadin wani bene a unguwar Aziziyya, nan Madina, don in kasance kusa. Duk hutun da na samu, sai in hau mota in tafi Yanbu.

A rumfar nan na ga yadda yake aiki. Ba ya kafa komai a jirgin sai ya gwada shi da irin jikin wanda zai yi aiki da shi. In igiya ce, sai ya sa a ɗaure masa hannun dama da bel, ya ja, ya naɗe, ya ƙulle da hagu da haƙori. In ta ƙi, ya cire ya sake mata wuri. In wurin zama ne, ya naɗe ƙafa ɗaya ya ɗaure, ya yi ta jan jiki daga gaban jirgi zuwa baya, yana lura da inda mutum zai nemi abin kamawa. Duk inda ya zame, nan yake kafa mariƙi. Ma'aikatan Alhaji suna ta dariya. Ni ma na ce masa, “Saje, mutane na roƙon Allah ya bar musu hannu, kai kana ɗaure naka?”

Ya ce, “Kofur, rufe mini baki ka ja igiyar nan. Naka na gaske ne, nawa aro.”

Ranar da za a fara gwada jirgin a teku, ni ya kamata in zauna wurin igiyoyi. Don ni aka yi wurin. Shugaban kwamiti ya iso daga gida da babbar riga da mai ɗaukar hoto, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce naƙasasshe ba zai hau ba sai an tabbatar jirgin lafiya yake. Garba ya ce ai abin da za a tabbatar ke nan, ko mai hannu ɗaya zai iya. Mutumin ya ce ya gama magana. Alhaji Usman ya ja ni gefe ya ce, “Malesh ya Kofur, yi haƙuri, yau mamnu', an hana, gobe in sha Allah.” Garba ya kwance bel ɗinsa ya miƙa wa wani ma'aikaci, ya juya masa baya don ya ɗaure masa hannun dama, ya zauna a wurina.

Sun yi nisa iska ta juya. Gungumen da ke kwance ƙarƙashin ƙyallen ya waiwayo ya same shi a kai. Ni na yi shekara da shekaru da hannu ɗaya, jikina ya san yadda zai kauce, ya san ta inda zai faɗi. Nasa jikin bai sani ba. Ya kai hannun dama zai kama ƙarfe, hannun yana ɗaure.

Mutuwa ta Allah ce, ban yi jayayya da ita ba. Abin da ya biyo baya ne ban yafe ba. Kwamiti ya zauna ya ce mutuwar Garba ta nuna mai hannu ɗaya ba zai iya aikin teku ba. Mutumin da ya mutu hannunsa biyu. Mai hannu ɗayan suka bari a bakin ruwa, sannan suka yanke masa hukunci a kan abin da ba su bar shi ya gwada ba. Suka ɗauke jirgin daga rumfar Alhaji, suka ciccire mariƙan da Garba ya kafa, wai suna ƙara nauyi. Suka ɗauko samari majiya ƙarfi waɗanda tuƙi ne sana'arsu. Rubutun da ke jikin ƙyallen kaɗai suka bari, wanda ya ce jirgin na tsofaffin sojoji ne.

Jirgin yana tsere har yau, an ce yana gudu sosai. Ban yi mamaki ba, na san wanda ya ƙera shi. Amma a cikin waɗanda Garba ya yi wa alkawari babu wanda ya taka shi. Ɗanladi, da ya rasa ƙafa a daji ɗaya da ni, ya koyi iyo a rafin garinsu yana jiran kira. Bara ya rasu. Har kusan ƙarshe, in mun yi waya, sai ya ce, “Kofur, yaushe ne tafiyar?”

Duk shekara kwamiti kan aiko in zo Yanbu, in sa hular soja, in tsaya gaban jirgin, gefen da babu hannu yana fuskantar mai hoto. Na je sau biyu saboda Garba. Bana na ce in ba a cikin jirgi za a ɗauke ni ba, a wurin igiyoyi, ba zan zo ba. Ba su sake kira ba. Daga baya Alhaji Usman ya nuna mini hoton. Sun samo wani bawan Allah da injin niƙa ya cinye wa hannu, sun sa masa hula. Ban ga laifinsa ba, shi ma cikinsa yake nema.

Nakan tambayi kaina me Garba zai yi da ya ga wannan. Ba mai dogon surutu ba ne. Ina jin zai tsaya ya kalli ramukan kusoshin da aka zare, ya tofar da yawu, ya koma rumfa ya nemi wani katako. Ni ban iya sassaƙa ba, shi ya sa nake magana.

Gonarsa ta tafi, jirginsa yana hannun wasu, kabarinsa ma babu suna, kamar kowane kabari a Baƙi'a. Abin da ya bari a wurina yini ɗaya ne. Kafin a gama babban jirgin ya taɓa sa ni a ƙaramin kwalekwale mai ƙyalle, ya zauna a gaba ya harɗe hannuwa, ya ƙi taɓa komai. Na zage shi, bai motsa ba. Na fita da mu, na juyo da mu, na dawo da mu bakin ruwa. Saboda haka duk wanda ya ce mai hannu ɗaya ba zai iya ba, ƙarya yake yi, kuma zan faɗa masa a gaban kowa.

Ina nan Madina, a Aziziyya, bakin ƙofar benen da nake gadi. Kwamiti ya san wurin. Ranar da suka shirya mayar da mariƙan nan, su aiko.