Hannun da Ya Share Goshin Likita

Kafin ƙarfe bakwai ta riga ta jera almakasai da wuƙaƙe a kan tire, ta ƙirga auduga sau biyu. Shekara talatin da ɗaya haka ma'aikaciyar jinyar nan take yi a ɗakin tiyatarmu. Mu ƙananan likitoci Mama muke ce mata. Idan ka miƙa hannu ba ka san abin da kake so ba, sai ta harare ka: "Kasuwa ka zo, ɗana?"

Akwai aikinta guda da ba ya cikin littafi. Babban likitanmu dattijo ne mai yawan zufa. In aiki ya ɗau zafi yakan juyo mata goshinsa ta share.

Sai annobar numfashi ta shigo. Aka dakatar da duk aikin da ba na gaggawa ba, aka sallami ɗalibai, muka koma cikin rigunan leda da gilashin fuska. Rannan ana tsakiyar yi wa wani mai cutar aiki, zufa ta rufe wa dattijon ido. Ya ɗaga gilashin, ya juyo. Hannunta ya riga tunaninta, ta share masa. Bayan mako uku muka binne dattijon.

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Kujera ta dasa a bakin ƙofa, ba mai tuɓe rigar nan sai a kan idonta. "Safar hannu tukuna! Saurin me kake yi, gado ake rabawa?" Ɗaliban da ke gida kuwa, ta waya ta koya musu ɗinkin rauni a jikin soson katifa. Yau bakwai daga cikinsu suna yin tiyata.

Ranar da ta yi ritaya ta tuna da dattijon, ta kama hannuna ta ce, "Da ma na ce masa a'a."

Mama, yau ga amsata. Wallahi ba wanda ya san inda ya ɗauki cutar, kuma zuciyata na ciwo da kayan da kike ɗauke da shi ke kaɗai. Ke ce katangar da muka fake a bayanta. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi tsayuwa a bakin ƙofa irin tata.

Kin tuna ranar da ni ma na kai hannu zan ɗaga gilashina? Ke kika buge hannun. 'Ya'yana biyu suna gaishe ki.