Janaretan Jirgin Auta

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Tun ina yaro a Kano "kai" nake, in kuma ba na wurin, "mutumin nan". Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san da ita, kuma an sha gaya mini cewa ƙauna ce a ɓoye. Na ji, na yarda. Amma autanmu, wanda ni na koya wa ɗaura takalmi, sunaye gare shi har na banza a wurin Baba, kuma shi kaɗai ke sa tsohon dariya har hularsa ta karkace.

Abu ɗaya nake da shi wanda Auta bai da shi, shi ne janareta. Da an ɗauke wuta Baba zai ce "kai", ni kuma in nufi ɗakin inji. Ni ke wanke fulogi, ni ke canza baƙin mai, ni ke jan igiya. Abin ya bi ni har Manchester, inda yanzu nake kula da manyan janaretocin wani asibiti a wajen Oxford Road.

Auta likita ne a Birmingham. Bayan rasuwar mahaifiyarmu Baba ya zo a duba masa ido, ya sauka gidan Auta a Sparkhill. Wai gidana na Levenshulme matattakala ta yi masa yawa. Alhali gidan Auta ma da bene.

Ana nan sai Auta, mutumin da ko kududdufi bai taɓa shiga ba, ya sayi tsohon jirgin ruwa, irin mai dogon sanda da ƙyalle da iska ke turawa, ya ɗaure shi a gaɓar tekun Wales. Burinsa ya kwashi iyali su yi kwanaki a kan ruwa. Fitarsu ta farko batir ya mutu, firji ya tsaya, naman da suka yi guzuri ya lalace, aka dawo ana cewa sai an sa janareta.

Na zauna ina jiran waya. Ba a kira ni ba. A group ɗin gida na riƙa ganin hotuna: Baba da Auta kai a haɗe a kan kwamfuta suna duba injina, Baba a shagon kayan jirgi ya dafa wani ƙaton inji yana murmushi. Kishi ya kama ni, irin wanda ke hana mutum jin daɗin tuwo. Ga ni da furfura a gemu, ina buɗe hoto ina ƙara girmansa don in ga yadda Baba ya ɗora hannu a kafaɗar ƙanena.

Na san kuma inda za su dosa. A wurin Baba ƙaramin janareta abin kunya ne, don a unguwarmu da ƙarar injin mutum ake sanin matsayinsa. Shawararsa a sayi babba mai fetur, a ajiye shi a bayan jirgi kamar yadda muke ajiye namu a bayan kicin. Da na ga haka na kasa haƙuri, na rubuta musu doguwar magana da ɗan zafi a ciki. Na ce fetur bai da wuri a jirgi, tururinsa ƙasa yake kwantawa yana jiran tartsatsi. A sayi mai dizal wanda zai sha daga tankin jirgin. A sayi ƙarami, don babban injin dizal in bai samu nauyin da zai ja ba baƙin hayaƙi ne ke toshe shi. Kuma a fara auna ramin da za a sa shi kafin a auna burin zuciya. Auta kaɗai ya amsa, da hoton babban yatsa.

Suka sayo daidai abin da na faɗa. Da Auta ya kira ni, cewa ya yi mai shagon ne ya ba su shawarar ƙarami, kuma mutumin ya san aikinsa ƙwarai. Sannan ya tambaya ko ina free ranar Asabar, don kuɗin mai ɗaurawa ya yi yawa. Na so in ce ya kira mai shagon. Matata ta ce in daina abin yara, in ɗauki akwatin sifanonina in tafi.

Ramin injin yana ƙarƙashin wurin zaman jirgin, kuma ba a yi shi don mai tumbi ba. Na wuni kaina a ƙasa, ƙafafuna a sama. Na ɗaure injin a kan robobi don kada jijjigarsa ta karkaɗa jirgin, na ja tiyon da zai shigo da ruwan teku ya sanyaya shi. Tiyon salansa na lanƙwasa shi sama da inda ruwa ke kaiwa a jikin jirgin, in ba haka ba teku za ta biyo ta ciki ta cika injin. A samana ina jin Baba da Auta suna shan shayi, Baba yana tsokanarsa da sunan da ya raɗa masa tun yana rarrafe. Duk dariyar da suka yi sai na ƙara matse noti fiye da yadda ya kamata.

Bayan la'asar na fito, hannuna baƙi ƙirin, na ce an gama. Auta ya miƙa wa matarsa waya ta ɗauki bidiyo, ya kai yatsa kan maɓallin.

"Janye hannunka," in ji Baba. "A gidanmu mutumin nan ne ke tayar da inji."

Auta ya yi dariya ya ce, "Baba, it's just a button, ba igiya ba ce."

"Ko ma mene ne. Ai sai da na ga abin da ya rubuta na ce ka haƙura da babban."

Na danna. Injin ya yi tari ɗaya ya kama, ruwa ya fara tsartuwa daga salansa yadda ake so, firji ya ɗauka. Na juya ina jiran Baba ya dube ni, ko da sau ɗaya. Idonsa na kan teku. Ya zaro hankicinsa daga aljihu, ya miƙa wa Auta, ya kira shi da sunansa, ya ce ya ba mutumin nan ya goge hannu.

Su suka kama hanyar Birmingham a mota ɗaya, ni na kamo ta Manchester ni kaɗai, hankicin a kan cinyata. Farin ciki nake yi, kuma kishin bai tafi ko'ina ba. Da na iso, babbar 'yata, 'yar farina, ita ta buɗe mini ƙofa. Na kira sunanta. Ta amsa, na sake kira.

"Dad, are you alright?" ta ce.

Na ce lafiya lau, na ƙara kiran sunan.