Abin da Aka Ɓoye wa Esnart

A kasuwar garin Salima, duk wanda ya taɓa kawo wa Esnart kwandon kifi ya san ba a yi mata rufa-ido. Ba ta kallon saman kwando. Hannu take zurawa ta damƙo na ƙasa, ta shinshina, sannan ta ɗago ta dubi mai kaya. Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu take bin mahaifiyarta bakin tafki sayen usipa, ƙananan kifayen nan da ake shanyawa a rana, kuma masunta ne suka koya mata cewa mai yawan fara'a shi ne mai ruɓaɓɓen kaya. Ko Limbani kafinta, da ya zo neman aurenta, sai da ta sa aka bincika ƙauyensu sau biyu.

Sai da suka shekara shida sannan ta samu ciki. Haihuwar ta zo da gardama, ta zubar da jini har ta kwana uku ba ta san inda kanta yake ba. Da ta farfaɗo aka miƙo mata 'yar mitsitsiyar jaririya, hannayenta a dunƙule, yatsun sun hau kan juna. Aka raɗa mata suna Tadala.

Bayan sun koma gida Esnart ta fara ganin abubuwan da ba su kwanta mata ba. Mahaifiyarta, wadda ba ta iya wuni ba ta yi faɗa ba, ta koma lallashi. Kawu Zuze, wanda bai taɓa zama tabarma ɗaya da Limbani ba, sai ga su kullum kai da kai a gindin mangwaro, da ta leƙo su koma zancen taki. Ita kuwa Tadala ba ta iya kama nono, sai an tatsa an ɗiga mata da cokali, in ta yi kuka leɓɓanta su yi baƙi. Littafinta na asibiti kuma ya yi ɓatan dabo.

"Baban Tadala, ina littafin yarinyar nan?"

"Yana nan, na adana."

"A ina?"

"Ke dai ci tuwonki. Littafi ƙafa gare shi?"

"Kai da ko gudumarka ba ka sanin inda ka yar, yau kai ne mai adana kaya?"

Ya yi dariya, amma iyakarta haƙora.

Tsofaffi sun ce idan uba ya nemi mace a waje alhali jariri bai yi ƙwari ba, ɗan ne zai kwashi abin, ya yi ta ramewa. Tsempho ke nan, kowa ya san shi. Esnart ta shiga haɗa ɗaya da biyu. Limbani ba ya ɗaukar yarinyar, daga bakin ƙofa yake leƙenta. Duk Talata kuma yakan sa rigarsa ta zuwa coci, ya hau keke ba zarto ba guduma, sai azahar ya dawo. Ta shinshina rigar, ba ta ji komai ba sai zufa. Ta tare mahaifiyarta a bakin murhu.

"Mama, dube ni. Wace ce?"

"Wace ce wa?"

"Wadda kuke rufa masa asiri a kanta."

Tsohuwar ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido, ta tashi ta fita. Esnart ta ce a ranta, shi ke nan, har da uwata a ciki.

Ranar da Limbani ya tafi gyaran bencinan coci, ta zazzage akwatin kayan aikinsa. Littafin na can ƙasa, an naɗe shi a tsumma. Shafi biyu cike da rubutun likita, ita kuwa a aji biyar ta bar makaranta. Ba ta yi wa kowa sallama ba, ta goya Tadala ta hau motar haya zuwa asibiti.

Wata dattijuwar nas ta karanta, ta ɗago kai. "Ke ce uwar?"

"A'a, a hanya na tsince ta."

"Maigidanki bai faɗa miki komai ba? Ai duk Talata yana nan, shi ke karɓar mata magani."

Nas ɗin ta tura ƙofa ta zauna kusa da ita. Ta ce zuciyar Tadala ba ta haɗu daidai ba, kuma ba zuciyar kaɗai ba. Babu aikin da zai gyara, a nan ko a wani wuri. Watakila makonni, watakila 'yan watanni.

"Ba tsempho ba ne?"

"'Yata, tun ranar da cikin ya shiga abin yake. Ba laifinki, ba laifinsa."

Esnart ba ta yarda ba. Ta zauna a benci har la'asar sai da ta ga likita da kansa, ta yi kamar ba ta ji komai ba, don ta ga ko bakinsu zai saɓa. Bai saɓa ba.

Da ta koma ta tarar da mahaifiyarta da Kawu Zuze da Limbani a tsakar gida, hankali a tashe. Ta ajiye littafin a gabansu.

"Kwana ashirin da uku," in ji ta. "Ina kwance ina tsine wa matar da babu ita."

Kawu Zuze ya gyara murya. "Don ke muka yi. Jininki bai dawo ba."

"Kawu, da girmanka. Amma ni na haife ta." Ta juya ga Limbani. "Kai kuma me ya hana ka ɗaukarta?"

Ya ce, "Tsoro nake kada ta cika a hannuna."

Ta kwance goyon ta ɗora masa a cinya. Ya riƙe ta da hannayen nan nasa masu kanta, bai mayar ba.

Labari ya bazu, masu magani suka yi ta sallama. Wani ya zo da sassaƙe, wani da man addu'a a kwalba. Esnart takan tambayi kowa sunan jariri ɗaya da ya warkar da ƙauyen da yake, ta ce za ta je ta gani. Babu wanda ya sake dawowa. Aka yi wa Tadala baftisma a gida. Da rana takan yi barci a ƙirjin ubanta, ya jingine aiki don kada ƙara ta tashe ta. Wata huɗu da kwana tara ta yi. Ranar wata Alhamis da hantsi, ana yayyafi, ta cika a cinyar uwarta bayan an yi mata wanka.

Esnart ta koma kasuwa bayan girbi. Suna nan tare da Limbani, sai dai ya fi shekara in ya ce mata ga abu, sai ta sake tambayar wani. Yanzu matan unguwa ita suke nema ta raka su idan za a kai yaro asibiti. Takan shige har ɗakin likita ko ba a kira ta ba, idan ya tambaya ina uban yaron, ta ce, "Yana gona. Ga uwar nan zaune, yi mata bayani."