Ƙofar Inna Ta Kalli Gabas

Ranar wata Talata ce, cikin hutun daminar da na gama ajin farko na lakol, makarantar boko, ruwa ya shigo mana gida da rana tsaka, alhali ko ɗigo ba a yi a garinmu ba. Can kudu aka tafka shi, gulbi ya ɗauko ya kawo mana. Na dawo daga kai wa Baba fura a gona na tarar da Inna tsaye a tsakar gida, ruwa har ƙwaurinta, kaji sun hau danga, ƙore suna yawo tsakanin turmi da murhu. Muna kallo bangon ɗakinta ya jiƙe, ya durƙusa a hankali, ya zauna. Mutane suna ta salati, ni kuwa ban yi kuka ba. Takalmina ƙafa ɗaya nake bi da ido yana fita ta zaure, ina tunanin inda ɗayan ya shiga.

Gidanmu a kwari yake, a wani ƙauye da ke gefen Gazawa. Kakanmu ne ya zaɓi wurin saboda ruwa, kuma ba za a ce ya yi wauta ba. Rijiya tana ƙofar gida, igiyarta gajera ce har yarinya irina tana iya ja. Muna da rogo da lalle a bayan danga, da yamma mu yi carafke a kan ƙasa mai sanyi har a kira mu tsince wake. A bayan ɗakin Inna kuma, gindin wani dogonyaro, akwai Habu. Ƙanena ne, zazzaɓi ya ɗauke shi farkon daminar nan tun ba a yaye shi ba. A wurinmu ba a kai jariri maƙabarta, cikin gida ake rufe shi. Inna ta kife fasasshen tulu a kan wurin don kada awaki su taka, ruwan ya tafi da tulun.

Azuzuwan lakol aka buɗe mana muka zauna, mu da sauran waɗanda ruwa ya kora. Nan maza suka shiga gardamar inda za a sake gini. Masu son kwari suka ce ruwa baƙo ne, ya zo ya wuce. Masu son tudu suka ce baƙon da ya san hanya sai ya dawo. Tudun kuwa jigawa ce zalla, yashi da iska da ƙarangiya, babu rijiya ko ɗaya. Baba ya yi ta zagaya shi tare da Bello, wani Bafulatani da ke ɗaure shanunsa a gonarmu da rani. Bello bai cika magana ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Bar dubin kyaun wuri, dubi inda shanu ke kwanciya in an yi ruwa." Haka Baba ya kafa turke kusa da wani gawo, a kan tsohon makwancin shanu.

An tambayi liman, an tambayi maigari, ba wanda ya tambayi Inna, don tun rasuwar Habu maganarta ta ƙare. Da Baba ya gaya mata, ba ta ɗaga kai daga tankaɗen da take yi ba. "Ku tahi, ni ina nan," in ji ta. Kullum da safe sai ta gangara kufai ta zauna gindin dogonyaron har rana ta take. Na ji gwaggona, yayar Baba, tana ce masa in ta ƙi hawa sai a mai da ita gidan iyayenta a Cadawa, mu kuma a bar mu wurin ita gwaggon. Na san ya kamata in ji tsoro, ga shi za a raba ni da uwata. Amma cikina shiru yake, na ci gaba da ɓarar gyaɗar da ke gabana.

Bayan kaka aka fara gini. Magini ya zana ɗakin Inna a ƙasa da sanda, ya bar ƙofa ta yamma yadda kowa ke yi, don a ƙasarmu daga gabas hadari ke tasowa, ko yaro ya san ba a ba shi ƙofa. Ranar nan Inna ta hau tudun karon farko. Ta tsaya ta dubi zanen, ta sa ƙafa ta share ƙofar, ta buɗe wata ta gabas. Magini ya yi dariya ya ce, "Ke da ruwa ya kora, kuma ke za ki buɗe mashi ƙohwa?" Baba ya zo ya tsaya daidai inda ta buɗe, ya miƙa ido, ya daɗe. Daga nan ana hango kan dogonyaron can ƙasa. Ya ce, "Yi mata yadda ta ce." Ɗakin na bushewa ta ɗauko tukwanenta ta hau.

Mun ɗanɗana kuɗarmu a kan ƙofar nan. Da hadari ya haɗo sai mu ruga mu naɗe tabarma, mu ɗora buhun gero a kan gado, mu saki asabari, duk da haka ruwa ya feso har ƙurya. In ya ɗauke ni ce mai kwarfe shi da ƙoƙo. Matan unguwa har tsiya suke mata, wai ɗakinta ne kaɗai ake yi wa wanka. Ga ɗebo ruwa daga kwari, tulu a ka, ƙafa na nutsewa cikin yashi, wuyana har yau yana tuna mini. Ban taɓa tambayarta dalili ba, ban kuma ji haushi ba. Aiki ne kamar daka da shara. Ita kuwa kowace safiya a bakin ƙofar take shan kununta, fuskarta na kallon kwari, a hankali har maganarta ta dawo.

Yanzu tudun ya zama gari, ga famfo a bakin masallaci, ga ƴan kabu-kabu suna hawa da sauka. Kwarin ya koma lambunan albasa, dogonyaron ma an daɗe da sare shi, kuma ban da ni ba na jin akwai wanda zai iya nuna inda Habu yake kwance. Bayan Inna ta rasu, wana ya toshe ƙofar ya fasa wata ta yamma, ya kuma yi daidai. Daminar bara na je gida, aka sauke ni a ɗakin, aka yi ruwa mai iska da la'asar. Na miƙe zan naɗe tabarma, sai na ga babu dalili, ko ɗigo bai shigo ba. Na tsaya ina kallon bangon gabas, kukan da ban yi ba tun ranar Talatar nan ya zo mini. Ɗakin ya bushe sarai, ni ce na kasa zama cikinsa.