Alhaji Isiyaku, Golan da Ya Tsare Raga Daga Alƙahira

Duk wanda ya taɓa hawa benen nan na unguwar Madinat Nasr a Alƙahira ranar Lahadi da yamma ya san yadda marigayi Alhaji Isiyaku yake kallon ƙwallo. Cikin kwat yake kallo. Wata jibgegiyar kwat ce mai gashi a wuya da ya saya a gwanjo, ya ɗora hular ulu har kunne, ya zura safa a kan safa, a tsakiyar watan Yuli, lokacin da karnukan titi ma sun shige ƙarƙashin motoci neman inuwa. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Ka kai hannu ka kunna fanka, sai ka ji tsawa.

"Kashe! Ɗana yana can cikin ƙanƙara, ni in zauna ina shan iska? Wane irin uba ke nan?"

"Alhaji, dubi allon mana. Ga 'yan kallo can ko riga babu a jikinsu."

"Turawa ne. Fatarsu daban."

Isiyaku taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, tare muka tashi a Gusau. Ni kasuwanci ya yi ta yawo da ni, Abidjan, Hamburg, Khartoum, Jidda, har na yada zango a Alƙahira. Shi kuwa in ban da aikin Hajji bai taɓa ƙetare ruwa ba, sai da zuciyarsa ta kawo shi nan tare da matarsa Hajiya Binta. Likita ya duba hotuna ya ce akwai wata ƙofa a cikin zuciyar da ba ta rufuwa daidai, jini yana komawa baya, kuma ba makawa sai an buɗe ƙirji an gyara. Ni ne tafinta, don Alhaji Larabcinsa na salla ne kawai. Farkon Afrilu muke, likita ya ce mako mai zuwa za a yi aikin.

To a daidai wannan lokacin ne wani ƙaramin kulob a can ƙarshen arewacin Norway, wanda ke buga babbar gasar ƙasar, ya ɗauki autansa Kabiru a matsayin gola.

"Faɗa wa likita ba aiki sai an gama gasar," in ji Alhaji.

Na faɗa. Likitan ma mayen ƙwallo ne, kamar kowane Bamisire. Ya yi dariya ya ce, "Basiɗa, abu mai sauƙi, ya Hagg. Ai duk Turai a Mayu suke tashi. Wata guda ba zai kashe mu ba." Ni ma na gyaɗa kai, don a Jamus haka na gani, a nan Masar ma haka ake yi. Alhaji ya sa likita ya maimaita, ya miƙa hannu suka tafa a kan alkawarin: ba wuƙa sai an buga wasan ƙarshe. Ban taɓa ganin mara lafiya ya fito daga asibiti da fara'a irin ta ranar ba.

Sai da muka koma gida Malam Nura, maƙwabcinsu mai karatun digirin ƙoli a fiƙihu, wanda shi yake haɗa mana wasan daga kwamfutarsa zuwa talabijin, ya buɗe teburin gasar. Kowane kulob bai buga komai ba. Ashe mutanen Norway, saboda sanyinsu, juya shekarar suka yi. Lokacin da sauran Turai ke shirin rufewa su suke buɗewa, ba sa tashi sai bakin Disamba.

Na ce, "Isiyaku! Ka san da haka?"

"Kai ne mai yawon duniya. An tambaye ni?"

Hajiya Binta ta ajiye tiren shayi ta koma ɗaki. Muka ji ta tana salati.

Na koma wurin likita washegari. Dariyar nan ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce zuciyar nan kullum ƙara buɗewa take kamar tsohuwar safa, in ta wuce wani mataki ko an gyara ƙofar ba za ta dawo ba. Ya ce a hana shi gishiri, a hana shi hawa bene, sama da komai a hana shi tashin hankali. Na dawo na isar da saƙo, kalma ba ragi. Alhaji ya ce gishiri ya yafe, bene ma ya yafe. Na ukun ne bai yarda ba.

Dalilinsa kuwa, ku da kuka zauna da shi kun sani. A wasan farko bawwab, mai gadin gidan, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya kawo tukunyar gas. Alhaji ya waiwaya kawai don ya amsa sallama, kafin ya juyo an zura wa Kabiru ƙwallo. Shi ke nan. Daga ranar ya tabbatar wa kansa cewa su biyu suke tsaron ragar nan, yaro a gaba, shi a baya. In 'yan gaba suka taho sai ya duƙa a bakin kujera, ya ware hannuwa, yana karanta abin da ya sawwaƙa. In Kabiru ya faɗi dama, shi ma ya karkata dama. Ranar da aka buga wata ƙwallo ta daki ƙarfen raga ta fita, ya juyo ya dube mu yana haki.

"Kun gani? Yaron bai kai ba. Wa ya kai?"

Mu dai mun daina kallon allo tun a watan Mayu. Fuskarsa muke kallo. In aka samu bugun kwana, leɓensa sai ya yi duhu. In alƙalin wasa ya nuna fenariti, hannunsa na hagu sai ya tafi ƙirji da kansa, ya damƙe kwat ɗin nan. Hajiya Binta tana tsaye a ƙofar kicin, ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe a tafin hannunta, wayarta a ɗaya hannun ta riga ta danna lambar motar asibiti, kira kawai ya rage. Na ga tarzoma a Khartoum, na taɓa shiga jirgin da injinsa ya mutu a sama, amma ban san tsoro irin na ganin wani farin yaro ɗan ƙasar masunta yana ajiye ƙwallo a kan ɗigon fenariti ba.

Kuma kulob ɗin, Allah na tuba, ba su iya ba. Masu tsaron bayansu kamar masu rakiyar baƙo, har bakin ƙofa suke kawo mutum. Kabiru ne kaɗai yake aiki, don haka uban ma ba hutu.

Ya ɗora mini aikin fassara. Wai tunda na iya Jamusanci dole in ji abin da mai sharhi yake cewa.

"Yaren ba ɗaya ba ne, Alhaji."

"Ƙarya kake. Kamar Hausar Kano da ta Sakkwato ne. Me ya ce a kan yarona?"

Abin da nake ji kamar Bajamushe ne ya cika baki da ruwan zafi yana waƙa. Sunan Kabiru kaɗai nake tsinta. Sai in ce, "Ya ce yaron ɗan babban gida ne."

"Ka gani? Har can sun sani."

A Yuni aka sa wani wasa bayan Magariba a lokacinmu. Muka yi salla muka zauna. A waje fitilun titi sun kama, ladan ma yana gyaran murya don Isha, amma a filin can rana ce tar, har inuwar 'yan wasa kana gani a ciyawa. Alhaji ya duba taga, ya duba allo, ya miƙe tsaye.

"Munafukai! Tsohon wasa kuka sa mini! An riga an ci yarona kuna ɓoye mini!"

Malam Nura ya rantse, na rantse. Na ce masa a arewacin ƙasar nan rana ba ta faɗuwa a wannan watan, makonni take yi tana zagaye a sama. Ya zauna a hankali. Na ɗauka ya huce, ashe wani sabon tashin hankali na ba shi.

"To yaushe yake Magariba?"

Washegari ya tara ɗaliban benen gaba ɗaya, ya sa Hajiya ta dafa musu shinkafa da wake. Wani ya ce a bi lokacin Makka, wani ya ce a bi gari mafi kusa da rana ke faɗuwa, aka jawo littattafai, aka ɗaga murya. Alhaji ya saurari kowa, sannan ya buga wa Kabiru waya ya ce, "Malamai sun kasa daidaitawa. Ka yi duka biyun."

Wayar nan ita ce abin da ya fi ci mini rai. Kabiru bai san komai ba. Abin da aka faɗa masa shi ne Baba ya zo Masar gyaran ido. Alhaji ya kafa mana doka, har da rantsuwa: golan da hankalinsa ya rabu biyu ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa take wucewa. In za a yi kiran bidiyo sai ya sa a tayar da shi, a jera matasai a bayansa, ya ɗora hula, ya tara numfashi. Ya yi ta zolayar yaron a kan askinsa, yana ƙyaƙyata dariya. Ana kashe waya sai ya zube, ya daɗe bakinsa a buɗe kamar kifin da aka jefa a kan yashi.

Zuwa Oktoba ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga, barci ma a zaune yake yi. A can kuwa sanyin da ya yi ta tsoro tun bazara ya iso da gaske, ana share dusar ƙanƙara daga fili kafin a fara, duhu tun La'asar. Kulob ɗin yana ta lilo a gindin tebur, inda ake koro mutane zuwa rukuni na biyu. Likita ya daina yi mini faɗa, abin da ya fi faɗan ban tsoro. Ya dai tanadi gado washegarin wasan ƙarshe.

Ranar ta zo. Hajiya ta haɗa jakar asibiti ta ajiye a bakin ƙofa. Aka tashi ba ci, na ɗaga hannu na ce, "Alhamdu lillahi! Khalas, an gama! Yalla, tashi Alhaji, cika alkawari." Sai na ga 'yan wasan ba murna suke ba, ba kuma kuka suke ba, tsaye kawai suke hannu a ƙugu. Malam Nura ya duba kwamfuta ya yi gyaran murya. A tsarin ƙasar, na ƙarshe da mai bi masa su ne suke faɗuwa kai tsaye. Na uku daga ƙasa kuwa sai ya kara da wani kulob daga rukuni na biyu, gida da waje, wanda ya ci shi ne a sama. Mu ne na ukun.

"Wasan ƙarshe muka ce da likita," in ji Alhaji. "Mayar da jakar nan ɗaki."

A karawar farko, ana cikin rabi na biyu, ƙwallo ta kuɓuce wa Kabiru ta gangara tana neman layi. Alhaji ya yi tsalle daga kujera ya kai mata hannu. A kan darduma ya sauka, bai tashi ba. Na tallafo kansa, jikinsa sanyi ƙalau, idanu sun juye. Muka sauko da shi daga benen a cikin bargo, ni da Malam Nura da bawwab. A motar asibiti ya buɗe ido, ya motsa baki, na kai kunne ina zaton wasiyya ce.

"Ta shiga?"

"Ba ta shiga ba."

"Madalla. Ka ce wa likita mako guda kawai."

A barandar asibitin Hajiya Binta ta karɓi wayata, don tata ta bar ta a gida. Ta ce, "Yaya, ku maza ku kuka yi rantsuwa. Ni ina kicin." Ta kira ɗanta ta faɗa masa komai.

Da safe Kabiru ya kira. Na riƙe wa Alhaji wayar, ba hula, ba matasai, roba a hancinsa. Yaron ya daɗe yana kallonsa.

"Baba, yaushe aikin?"

"Bayan wasanku."

"Ba ni da wasa. Na ce wa koci in ba ka shiga tiyata ba, ba zan sa safar hannu ba. Akwai wani yaro da bai taɓa tsaron raga a babban wasa ba, shi za a sa."

"Kai! Ni kake yi wa taurin kai?"

"A ina na koya, Baba?"

Aka shiga da Alhaji tiyata ranar wasan, yana tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro wayar hannu. Ba wanda ya kalli ƙwallo a cikinmu, ƙofar ɗakin tiyata muka kalla har aka fito. Da ya farfaɗo, aka cire masa robar maƙogwaro, ya neme ni da ido.

"Nawa?"

"Kun ci ɗaya. Kun tsira."

"Kabiru fa, nawa aka zura masa?"

"Ko ɗaya. Har fenariti ya kama, in ji Malam Nura."

"Ina barci?"

"Kana barci."

Ya juya fuska bango. Na zaci zai yi murna, sai na ga kamar mutumin da aka sallama daga aiki. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wato shi kaɗai ya tare. To. Ashe yaron ya iya."

Ƙofar ta gyaru, amma zuciyar ta riga ta gaji, kamar yadda likita ya faɗa tun farko. Kabiru ya iso Alƙahira bayan kwana kaɗan, ya zauna a bakin gadon uban, shi yake ba shi ruwa a cokali, shi yake juya shi. Alhaji ya sami ƙarfin yi masa faɗa a kan yadda yake fitowa kama ƙwallon bugun kwana. Kafin sabuwar shekara ya cika, da hantsi, kansa a kan hannun yaron.

Allah ka ji ƙan Isiyaku. Ka san bawanka da tsoro a kan 'ya'yansa ya rayu, ka amintar da shi ranar babban tsoro. Ka yalwata masa makwanci, ka ba Binta haƙuri, ka tsare masa Kabiru a duk inda ya tsaya.